Gidan de Vere na Ingila: Tarihinsa da Tambarinsa

1.0 Gabatarwa

A ranar 12 ga watan Maris na shekarar 1703 Aubrey de Vere ya rasu a birnin Landan yana da shekara 76, aka binne shi a Majami'ar Westminster. Shi ne na ashirin a jerin mutanen gidansu da suka riƙe sarautar Oksfod, kuma daga kansa ba a sake naɗa wani ba. Marubuta tarihin Ingila sukan ce a wannan rana ce gidan de Vere ya ƙare, bayan shekara 562 yana riƙe da sarauta ɗaya. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa, idan ya ji an ce gida ya ƙare, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne annoba ko yaƙi sun share zuriyar baki ɗaya. Amma Aubrey ya bar 'ya'ya mata da jikoki, ya ma bar ɗa namiji da ransa, kuma jininsa yana gudana a manyan gidajen Ingila har yau.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin wannan gida domin ta nuna cewa ƙarewar da ake faɗi hukunci ne na dokar gado. Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka yi gidan, watau sarauta da muƙamin fada da ƙasa da tambari. Kowannensu yana da tasa ƙa'idar gado, saboda haka da igiya ta tsinke kowanne ya kama gabansa. Tambarin ne ya fi sauran adana labarin, shi ya sa za a fi daɗewa a kansa.

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita kalmomi biyu. Sarautar da gidan ya riƙa ita ce wadda Ingilishi ke kira Earl. Babu sarautar Hausa da ta yi daidai da ita sak, amma ta fi kusa da hakimci irin na kafin zuwan Turawa, lokacin da hakimi yakan zauna kusa da sarki alhali garuruwansa suna warwatse a cikin ƙasa. Don haka a nan za a riƙa cewa Hakimin Oksfod. Kalmar tambari kuwa, ban da ma'anarta ta gangar sarauta, yanzu ana amfani da ita ga zanen da ke wakiltar hukuma ko makaranta, kuma wannan ma'ana ta biyu ake nufi.

2.0 Asalin Gidan

Sunan gidan ya fito ne daga wani ƙauye mai suna Ver a Nomandi, arewacin Faransa. Kakansu na farko da aka sani, shi ma Aubrey de Vere, yana cikin waɗanda suka ci moriyar cin Ingila da William na Nomandi ya yi a shekarar 1066. A littafin ƙidayar ƙasa da dukiya da sarkin ya sa aka rubuta a 1086, wanda aka fi sani da Domesday, an nuna shi riƙe da ƙauyuka a Essex da Suffolk da Cambridge, har da Kensington wadda yau unguwa ce a cikin Landan. Shi ne ya kafa gidan ruhubanawa a Colne, wurin da ya zama hubbaren gidan.

Ɗansa, Aubrey na biyu, shi ya samo muƙamin fada. A shekarar 1133 Sarki Henry na I ya ba shi da magadansa muƙamin da za a iya kira Babban Sarkin Gida na Ingila, wanda mai riƙe da shi ke hidimar jikin sarki ranar naɗi, daga sa masa tufafi har miƙa masa ruwan wanke hannu. A wajejen wannan zamani ne aka gina hasumiyar dutse ta Hedingham a Essex, wadda ta zama mazaunin gidan, kuma tana nan tsaye har yanzu. An kashe shi a wata tarzoma a Landan a 1141.

A cikin shekarar nan ne sarauta ta shigo gidan, kuma yadda ta shigo abin lura ne. Ana tsakiyar yaƙin basasa tsakanin Sarki Stephen da Matilda 'yar Henry na I, kowane ɓangare yana sayen magoya baya da sarautu. Matilda ta rubuta wa Aubrey na uku takarda cewa ta ba shi hakimcin Cambridge, amma idan ya tabbata Sarkin Sikotlan ne ke riƙe da shi, to ya zaɓi ɗaya daga cikin Oksfod da Berkshire da Wiltshire da Dorset. Ya zaɓi Oksfod, inda gidansu ba shi da wata ƙasa ta a zo a gani. Tun ranar farko ke nan sarautar tana wani wuri, ƙasar gidan tana wani wuri. Sarki Henry na II ya tabbatar masa da ita a 1156.

Kaɗan ya rage gidan ya tsaya a kan hakimi na farko. Aurensa biyu na farko ba su ba shi ɗa ba. Ta ukun, Agnes, yarinya ce ƙarama, kuma da ubanta ya faɗi a fada a 1163 sai Aubrey ya nemi a warware auren. Agnes ta ƙi, ta kai ƙara har gaban Paparoma Alexander na III, aka tilasta wa mijin ya mayar da ita ɗakinta. Duk hakimai goma sha tara da suka biyo baya daga tsatsonta suka fito.

Ƙarni biyu da suka biyo baya ba su bukatar dogon bayani. Hakimi na 3, Robert, yana cikin manya 25 da aka ɗora wa tabbatar da yarjejeniyar Magna Carta a 1215. Na 7, John, ya yi yaƙin Crécy a 1346 da na Poitiers a 1356. Ta fuskar dukiya suna cikin na baya a tsakanin takwarorinsu. Abin da suka fi kowa shi ne, duk lokacin da hakimi ya faɗi akan sami ɗa ko wani ɗan'uwa namiji da zai ɗauka.

3.0 Tambarin da Ma'anarsa

Al'adar zanen tambari ta fara bayyana a yammacin Turai a kashi na biyu na ƙarni na 12. Barde yakan shiga fage sanye da sulke da kwalkwali, ba mai gane shi, sai ya riƙa zana wata alama a garkuwarsa da tutarsa. Alamar nan ce kuma yake sa wa a hatiminsa, a zamanin da hatimi ya fi sa hannu ƙarfi. Da 'ya'ya suka fara gadon zanen iyayensu sai abin ya zama ilmi mai ƙa'idoji, kuma masu tsaron ƙa'idojin su ne sanƙirorin da ke shelar sunayen barade a filin wasan dawaki. A 1484 Sarki Richard na III ya ba waɗannan sanƙirori takardar zama hukuma a Landan, kuma hukumar tana aiki har yau.

Mai karatu ya riga ya san sassan irin wannan tambari ko da bai san sunayensu ba, domin tambarin Nijeriya na 1960 a kan wannan tsari aka zana shi: garkuwa a tsakiya, dabba a bisa, dabbobi biyu masu riƙe da garkuwar a gefe, sa'an nan take a ƙasa. Garkuwar ita ce uwa, sauran duk ƙari ne da suka zo daga baya. Launuka kuma an kasa su biyu. Rawaya da fari ana ɗaukarsu ƙarafa, watau zinariya da azurfa. Ja da shuɗi da baƙi da kore su ne launuka na ainihi. Ƙa'ida ita ce ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe ko launi a kan launi, domin a iya hango zanen daga nesa.

Garkuwar de Vere tana cikin mafi sauƙi a Ingila. An raba ta gida huɗu, ja da rawaya suna musanya. A gida na farko, watau na sama a hannun daman mai riƙe da garkuwar, wanda ja ne, akwai farin tauraro mai tsini biyar. Iyakarta ke nan. Sauƙin nan shi kansa shaidar tsufa ne, domin gidajen da suka zo daga baya sun tarar an kwashe zane-zane masu sauƙi, dole suka riƙa cika garkuwoyinsu da tarkace.

Daga ina rabon huɗun ya fito? Masanin tarihi J. H. Round, a littafinsa na 1892 a kan Geoffrey de Mandeville, ya lura cewa gidaje da dama da ke da garkuwa mai gida huɗu ta ja da rawaya, irin su Say da Clavering da Beauchamp na Bedford da de Vere, duk suna da dangantakar jini ko ta aure da wannan Geoffrey, Hakimin Essex, wanda ya yi tashe a zamanin yaƙin Stephen da Matilda. Matar Geoffrey kuwa ita ce Rohese, 'yar Aubrey na biyu, wadda bayan mutuwarsa ta auri mutumin gidan Beauchamp. Idan haka ne, garkuwar de Vere ta aro ce daga gidan suruki mai ƙarfi, aka juya launukan, aka ƙara tauraro don a bambanta.

Gidan kansa yana da labarin da ya fi wannan daɗin ji. Kamar yadda John Leland ya rubuta a ƙarni na 16, wai a yaƙin Antakiya na 1098, cikin yaƙe-yaƙen Salibiyya, dare ya rufa ana fafatawa, sai wani farin tauraro ya sauko daga sama ya tsaya a kan tutar Aubrey de Vere, ya haskaka wa rundunar Kirista. Labarin ba ya tsayuwa. A 1098 ba a fara gadon tambari ba tukuna, kuma an rubuta shi ne fiye da shekara 400 bayan aukuwar yaƙin. Masu nazarin tarihin baka sun saba da irinsa: alama takan riga labari zuwa, daga baya zuriya ta nema mata asalin da ya dace da girman da ta kai. Abin da ya ƙara raunana labarin shi ne sunan da sanƙirori ke kiran wannan siffa da shi, wanda ya fito daga kalmar Faransanci mai nufin 'yar ƙaramar dabaran nan mai tsini da ke bakin ƙaimi. Mai yiwuwa ne abin da aka ce ya sauko daga sama daga diddigen mahayi ya fito.

A bisa kwalkwali gidan yana ɗora shuɗin aladen daji. Wannan wasa ne da suna, domin a Latin ana kiran namijin alade verres. Taken da aka san gidan da shi a ƙarni na 16, Vero nihil verius, shi ma wasan ne, don yana ɗaukar fassara biyu: babu abin da ya fi gaskiya gaskiya, ko kuwa babu abin da ya fi Vere gaskiya. Mai nazarin kirari ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sai dai akwai inda kwatance zai iya ɓatar da mutum. Tsagar gado ta kowa ce a cikin dangi, ɗan babban ɗaki da ɗan ƙarami duk iri ɗaya ake yi musu. Tambari a cikakkiyar siffarsa na mutum ɗaya ne, watau mai gida. Ƙannensa dole su yi masa wani canji. Alal misali, a jerin tutocin da aka rubuta lokacin da Sarki Edward na I ya kewaye ganuwar Caerlaverock a Sikotlan a 1300, Hugh de Vere ɗan hakimi yana ɗauke da zanen gidansu ne amma da baƙin gefe mai haƙora kewaye da shi. Haka kuma idan mutum ya mutu bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata sukan tafi da tambarin gidajen mazajensu, 'ya'yansu su haɗa shi da na ubansu a garkuwa ɗaya. Wannan ƙa'ida za ta sake tasowa a gaba.

4.0 Kambi Uku na Ailan

Sau ɗaya aka yi wa garkuwar babban ƙari, kuma bai yi albarka ba. Hakimi na 9, Robert, abokin ƙuruciyar Sarki Richard na II ne, sarkin kuwa ya fifita shi fiye da kima. A 1385 ya naɗa shi Makwis na Dublin, sarautar da ba a taɓa yin irinta a Ingila ba. A 1386 ya ɗaga shi zuwa Diyuk na Ailan, daraja wadda a lokacin kusan sai 'ya'yan sarki. Ya kuma ba shi izinin haɗa garkuwarsa da wani sabon zane, kambin zinariya uku a kan shuɗi da farin gefe, muddin yana riƙe da mulkin Ailan. Robert bai taɓa taka ƙasar Ailan ba.

Manyan ƙasa suka fusata, musamman da ya saki matarsa Philippa, jikar Sarki Edward na III, ya ɗauki wata daga cikin matan da ke hidimar sarauniya. A watan Disamba na 1387 suka tare rundunarsa a gadar Radcot, ya tsere ya bar ƙasar, Majalisar Dokoki ta 1388 ta yanke masa hukuncin cin amana ta ƙwace duk abin da ya mallaka. Ya mutu a Louvain a 1392 ba shi da ɗa, kuma kamar yadda aka ruwaito, aladen daji ne ya ji masa rauni a wurin farauta, dabbar da ke bisa kwalkwalin gidansu. Kambin ukun suka bi shi kabari.

Abin da ya fi muhimmanci ya faru ne a 1393, sa'ad da aka mayar wa baffansa Aubrey da sarautar Oksfod. A takardar mayarwar an rubuta cewa sarautar tasa ce da magadansa maza. Wannan 'yar magana ita ce ta tsare sarautar a cikin gidan har shekara 310, ita ce kuma ta kashe ta.

5.0 Tauraro da Rana a Barnet

Ban da tambarin da mai gida ke riƙewa, manyan Ingila na ƙarni na 15 suna da alamar da ake ɗinka wa barorinsu da sojojinsu a riga. Ta gidan de Vere tauraron nan ce. A yaƙin basasa tsakanin gidan Lancaster da gidan York, de Vere sun bi Lancaster, kuma sun biya da jini, don a watan Fabrairu na 1462 Sarki Edward na IV ya sa aka sare kan hakimi na 12 da babban ɗansa. Ɗa na biyu, John, ya zama hakimi na 13.

Ranar 14 ga Afrilu 1471, safiyar Ista, rundunonin biyu suka haɗu a Barnet, arewa da Landan, cikin hazo mai kauri. John de Vere yana jagorantar ɓangare ɗaya na rundunar Hakimin Warwick, wanda a lokacin ya juya wa Edward baya. Mutanensa suka fatattaki waɗanda ke gabansu, suka bi su har cikin gari. Kafin ya tattaro su ya dawo, sahun yaƙin ya juya, saboda haka maimakon ya ɓullo a bayan abokan gaba sai ya ɓullo wa mutanen Montagu, ƙanen Warwick. Tarihin da ake jingina wa John Warkworth ya ce rigunan mutanen Oksfod suna ɗauke da tauraro mai haskoki, na mutanen Edward kuma rana mai haskoki. Cikin hazo aka ɗauki tauraro a matsayin rana, aka yi musu ruwan kibau. Su kuma suka ɗauka an ci amanarsu, suka yi ta ihun cin amana, suka bar fagen. Rundunar ta watse, aka kashe Warwick da Montagu.

Wannan ruwaya daga tushe ɗaya take, don haka ya kamata a riƙe ta da hannu biyu. Ko da ta inganta, hazo da kamannin zane ba su isa su rusa runduna ba. Rundunar ta ƙunshi mutanen da shekara biyu kafin nan maƙiyan juna ne, kowa yana jiran ranar da ɗan'uwansa zai yaudare shi. Kibiyar farko ta tabbatar musu da abin da suka riga suka zarga ne.

John ya gudu, ya koma fashin teku, ya kama tsibirin St Michael's Mount a 1473, aka kewaye shi har ya miƙa wuya a farkon 1474. Ya yi kimanin shekara goma a tsare a Hammes kusa da Calais. A 1484 ya tsere tare da mai tsaronsa, suka tafi wurin Henry Tudor, kuma shi ne ya jagoranci sahun gaba a yaƙin Bosworth ranar 22 ga Agusta 1485, inda aka kashe Richard na III. Sabon sarki ya mayar masa da ƙasarsa da muƙamin Sarkin Gida, ya ƙara masa da shugabancin rundunar ruwa. Gidan bai taɓa kai wannan ƙarfi ba. Wanda ya je majami'ar Lavenham a Suffolk, wadda John ya taimaka wajen ginawa tare da attajiran masaƙa na garin, zai ga tauraron da aladen an sassaƙa su a jikin dutse. Francis Bacon ya kawo labarin cewa Henry na VII ya ziyarci Hedingham, ya ga yawan barori sanye da alamar gidan, bayan ya gode da liyafa sai ya ci mai masaukinsa tarar da ta kai fam 10,000 saboda karya dokar hana tara barori. Masana suna shakkar labarin, amma ya nuna yadda sarauta ta fara kallon irin waɗannan alamu.

6.0 Rabuwar Gado

John ya rasu a 1513 ba ɗa. Ɗan ƙanensa da ya gaje shi ya rasu a 1526, shi ma ba ɗa, sarauta ta tsallaka zuwa wani reshe bisa sharaɗin 1393. Nan aka fara ganin ɓaraka, domin muƙamin Sarkin Gida ba shi da wannan sharaɗi. Henry na VIII ya ɗauke shi a matsayin abin da ya dawo hannun sarki, ya ba hakimi na 15 iya rayuwarsa kawai, bayansa ya ba wasu, ciki har da Thomas Cromwell a 1540. Sai a zamanin Sarauniya Mary, a 1553, muƙamin ya koma gidan.

Ƙasa kuwa hakimi na 17 ne ya salwantar da ita. An haifi Edward de Vere a 1550, ubansa ya rasu yana da shekara 12, ya tashi a riƙon William Cecil, babban wazirin Sarauniya Elizabeth ta I, ya kuma auri 'yarsa a 1571. Mawaƙi ne, mai son ado da 'yan wasan kwaikwayo, kuma hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Ya yi yawon Italiya a 1575 da 1576, ya zuba fam 3,000 a tafiyar Martin Frobisher ta neman zinariya suka nutse, ya yi ta sayar da gonakin gado ɗaya bayan ɗaya har sai da sarauniya ta yanka masa fam 1,000 a shekara daga 1586 don kada a ji kunya. A 1592 ya sayar da Colne, inda kakanninsa ke kwance. Ya rasu a 1604. Yau an fi saninsa saboda ra'ayin da J. Thomas Looney ya fito da shi a 1920 cewa wai shi ne ya rubuta wasannin Shekisfiya, ra'ayin da jumhurin masana adabin Ingilishi ba su karɓa ba, ko don cewa wasu daga cikin wasannin an rubuta su ne bayan mutuwarsa.

Matarsa ta biyu, Elizabeth Trentham, ta sayo Hedingham da kuɗin gidansu a 1609 domin ɗanta Henry, hakimi na 18. Henry ya rasu a Holan a 1625 bayan yaƙin ceton garin Breda, bai bar ɗa ba. Sai aka tafi shari'a. Ɓangare ɗaya akwai Robert de Vere, wani hafsa mai ƙaramin ƙarfi a rundunar Holan, tattaɓa-kunnen hakimi na 15 ta wajen maza. Ɗaya ɓangaren akwai Robert Bertie, wanda uwarsa Mary 'yar'uwar hakimi na 17 ce. A 1626 Majalisar Sarakunan Ingila ta raba gardama: sarauta ta tafi ga Robert de Vere saboda sharaɗin 1393, muƙamin Sarkin Gida ya tafi ga Bertie. Hedingham ba ta bi ko ɗayansu ba, ta koma dangin Trentham, daga bisani aka sayar da ita a 1713. A wannan shari'a ce Babban Alƙali Randolph Crewe ya yi jawabin da ake yawan tunawa, inda ya lissafa gidajen da suka shuɗe, Bohun da Mowbray da Mortimer har da Plantagenet na sarakuna, ya yi fatan sunan de Vere ya ɗore. Muƙamin bai sake komawa gidan ba. Daga 1781 aka raba shi tsakanin zuriyar 'yan'uwa mata biyu na gidan Bertie, ana karɓa-karɓa daga zamanin sarki zuwa na wani, kuma da Charles na III ya hau gado a 2022 ya faɗa hannun gidan Carrington.

Hakimi na 19 ya gaji suna ba ƙasa, ya koma aikinsa na soja, aka kashe shi a kewayen Maastricht a 1632. Ɗansa Aubrey, na 20, ya tashi a wurin dangin uwarsa a Holan. Ya goyi bayan gidan sarauta a zamanin Oliver Cromwell har aka tsare shi a Hasumiyar Landan. A 1661 aka ba shi shugabancin wata rundunar mahaya masu shuɗin kaya, wadda aka riƙa kira da sunan Oksfod, kuma ita ce aka haɗe da wata a 1969 aka sami ɗaya daga cikin rundunonin dawakin fadar Ingila na yanzu. Ya ƙi bin Sarki James na II a 1688, ya koma bayan William na Orange.

Maganar ɗansa namiji ita ce ta fi bayyana yadda dokar take. Aubrey ya nemi wata 'yar wasan kwaikwayo, Hester Davenport, ta ƙi sai da aure, aka yi wani biki da ita ta ɗauka ɗaurin aure ne. Ta haifa masa ɗa a 1664, aka sa masa Aubrey. Daga baya hakimin ya auri Diana Kirke, kuma kotun coci ba ta amince cewa limami na gaskiya ne ya ɗaura auren farko ba. Ɗan da Diana ta haifa ya mutu yana jariri. Ɗan Hester ya rayu har 1708, shekara biyar bayan ubansa, yana ji yana gani aka ce gidan ba magaji. A tsarin sarautar Hausa, inda mace fiye da ɗaya ke haihuwa a gida, ɗan sa-ɗaka yana gado, masu zaɓe kuma suna da damar duba dukkan 'ya'yan gidan, da wuya sarauta ta mutu don rashin namiji. Yawanci yaƙi ko tuɓewa ke fitar da ita daga gida. A Ingila kuwa mace ɗaya ce, babban ɗa ne, kuma ta wajen maza kaɗai, saboda haka abin mamaki a tarihin de Vere shi ne yadda suka kai ashirin.

Saura tambari. Babbar magajiyar Aubrey ita ce 'yarsa Diana, wadda a 1694 ta auri Charles Beauclerk, Diyuk na St Albans na farko. Shi kuwa ɗan Sarki Charles na II ne da 'yar wasan kwaikwayo Nell Gwyn, ba ta hanyar aure ba. Bisa ƙa'idar da aka ambata a baya, zuriyarsu suka raba garkuwarsu huɗu. Gida na ɗaya da na huɗu suna ɗauke da tambarin sarautar Ingila, da wata 'yar sanda ja a gicciye mai nuna cewa ba ta hanyar aure aka same shi ba. Gida na biyu da na uku suna ɗauke da ja da rawaya da farin tauraron de Vere. Ɗan 'yar wasa ɗaya ya rasa gadon ubansa, zuriyar ɗan wata 'yar wasar suka ɗauki tauraron, don shi ubansa sarki ne mai ikon ƙirƙira masa sarauta. Gidan St Albans yana riƙe da wannan garkuwa har yau, kuma mazansa sukan sa de Vere a cikin sunayensu.

Sunan sarautar ma an sake amfani da shi. A 1711 Sarauniya Anne ta ba wazirinta Robert Harley, amma aka kira shi Hakimin Oksfod da Mortimer, don gudun kada wani namiji daga wani reshen de Vere da aka manta ya ɓullo da hujja. Sarautar Harley ta mutu a 1853. A 1925 aka ba tsohon firayim minista H. H. Asquith, shi ma da ƙari, watau Oksfod da Asquith. Daga 1703 zuwa yau ba wanda ya tabbatar wa Majalisar Sarakuna cewa shi ne magajin takardar 1393.